Sabon Ganye da Tsohon Ganye: Yadda Za Ka Ɗanɗana Shayi Ka San Abin da Kake Saye

Yawancinmu da shayi muka tashi, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin ɗanɗanon ganyen shi kaɗai. Kafin kofi ya iso baki, madara ta shiga, sukari ya shiga, citta da kanumfari sun bi baya. Babu laifi a haka, shayin mai shayi yana da matsayinsa. Sai dai kasuwa ta canja. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Gwanzu a ƙasar Sin, inda babbar kasuwar ganyen shayi ta Fangcun take, da masu dawowa daga Dubai da Saudiyya, suna shigo da ganye iri-iri. Wani an rubuta masa sunan dutsen da aka tsinko shi, wani an rubuta masa shekarar da aka sarrafa shi, kuma kuɗin yana hawa tare da shekarun. Mai saye ya tsaya yana jin bayani, ba shi da abin auna gaskiyar maganar.

Abin aunawar yana bakinka. Shekaru suna gyara wani ganyen, suna kashe wani, kuma harshe yana iya raba su idan aka jera masa su a lokaci ɗaya, da ruwa ɗaya, da awo ɗaya. Ga yadda ake yi.

Itace ɗaya ne, aikin hannu ne ya bambanta

Koren shayi da baƙin shayi da farin shayi duk daga itace ɗaya suke fitowa. Itacen yana da manyan iri biyu: mai ƙananan ganye, wanda ya saba da sanyin duwatsun Sin, da mai faffaɗan ganye, wanda yake son zafi da ruwa, irin na Asam a Indiya da na lardin Yunan a kudu maso yammacin Sin. Abin da ya raba kore da baƙi shi ne abin da aka yi wa ganyen bayan an tsinko shi.

Idan ana son kore, sai a yi maza a ba ganyen zafi, ko a kasko kamar yadda ake yi a Sin, ko da turiri kamar yadda ake yi a Jafan. Zafin yana kashe sinadarin da ke sa ganye ya rine idan iska ta shige shi, sai launi da ƙamshin ɗanyen ganye su tsaya yadda suke. Idan ana son baƙi, sai a bar ganyen ya yi yaushi, a murje shi, a bar iska ta yi aikinta har ya koma ja mai duhu, sannan a busar da shi da zafi. Na farko an tsayar da shi yana ɗanye, don haka duk watan da ya ƙara raguwa yake yi. Na biyu ya riga ya gama rinewa, don haka yana jimrewa ajiya, amma ba ya ƙaruwa da komai.

Akwai iri na uku, kuma a kansa ne maganar tsufa ta taso. A Yunan ana ba faffaɗan ganye zafi kaɗan, a murje shi, a shanya a rana. Zafin rana ba ya kashe duk abin da ke da rai a jikin ganyen. Sai a turara shi a matse shi ya zama fai-fai, yawanci mai nauyin giram 357, a ɗaure bakwai-bakwai a cikin ɓawon gora. Wannan shi ne wanda za ka ga an rubuta Pu'er a takardarsa. Yana ci gaba da canjawa a hankali shekara da shekaru, ɗacinsa yana kwanciya, launinsa yana duhu.

Wanda ke son ƙuruciya da wanda ke son shekaru

Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, kuma masu sayar da ganye sun san muna da wannan tunanin. To ganyen shayi ba zuma ba ne. Koren shayi darajarsa tana cikin sabuntarsa. Longjing na birnin Hanzu, wanda ya fi kowane koren shayin Sin suna, mafi tsadarsa shi ne wanda aka tsinka kafin bikin Qingming na 4 ko 5 ga Afrilu, kuma a shekarar ake shanye shi. A Jafan ma mutane ɗokin ganyen farkon kaka suke yi, wanda ke fitowa a ƙarshen Afrilu da farkon Mayu. Haka tsinkar farko ta Dajilin da ke gangaren duwatsun Himalaya, ta watan Maris da Afrilu, cikin 'yan watanni ƙamshinta yake fara gudu. Duk wanda ya ce maka ga koren shayi mai shekara biyar, ka ƙara kuɗi, to kwantai yake son sayar maka.

Baƙin shayi irin na Asam da Kenya da Siri Lanka, idan an rufe shi da kyau, yakan kai kamar shekara biyu bai lalace ba. Bayan nan sai ya zama lami.

Masu amfana da shekaru kaɗan ne: Pu'er na Yunan, da Liu Bao na lardin Gwanshi, wanda masu haƙar kuza 'yan Sin suka riƙa sha a Malesiya, da farin shayin Fuding na lardin Fujiyan. Su ma da sharaɗi: sai ganyen asali yana da kyau, kuma sai an ajiye shi a wuri mai tsabta. Mugun ganye ko ya shekara ashirin, tsohon mugun ganye ne.

Kayan aiki da awo

Ba ka buƙatar kaya masu tsada. Ka nemi fararen kofuna na tangaran masu girma ɗaya, domin farin ciki ne ke nuna launin ruwa. Ka nemi faranti ƙanana na rufe su, da cokali, da rariyar tace shayi, da agogon wayarka, da ɗan ƙaramin sikeli mai auna giram. Sikelin nan kada ka raina shi. Cokali ɗaya na niƙaƙƙen ganye ya fi cokali ɗaya na dogon ganye nauyi nesa ba kusa ba, kuma idan awo ya saɓa, duk hukuncin da ka yanke ya rushe.

Masu ɗanɗanon shayi na kamfanoni suna da ƙa'idar da duniya ta amince da ita, mai lamba ISO 3103: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6. Shayin da ke fitowa a haka yana da kauri da ɗaci, kuma da gangan ne, domin a tilasta wa ganyen ya fito da duk abin da ke cikinsa, mai kyau da marar kyau. Ka bi wannan awon ga baƙin shayi. Ga kore kuwa, ka sauke zafin ruwan zuwa wajen digiri 80, ka rage lokacin zuwa minti 3. Idan ba ka da abin auna zafi, ka zuba kashi ɗaya na ruwan da ba a dafa ba a cikin kashi uku na tafasasshe, zai kai ka kusa da haka.

Ruwa shi ne kusan dukan abin da ke cikin kofi, don haka ka kula da shi. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri ko kanwa-kanwa yana dusashe launi, yana sa wata yana ta taso a saman kofi. Ruwan famfo mai warin magani yana danne ƙamshi. Ka yi amfani da ruwa marar ɗanɗano, ka tafasa shi sau ɗaya, a butar da ba a taɓa dafa citta a cikinta ba.

Ka zaɓi hantsi, lokacin da ba ka jin yunwa kuma ba ka ƙoshi ba. Kada ka ci goro ko yaji kafin ka zauna, kada ka goge baki da man goge haƙori a lokacin, kada a kunna turaren wuta a ɗakin. Kada ganyen da za ka gwada a zama ɗaya su wuce huɗu, domin harshe yana gajiya. Sannan ka sa wani ya rubuta lamba a gindin kowane kofi, ya riƙe takardar da ke nuna wane ne wane, ya jera maka su ba tare da ka sani ba. Idan ka san wanda ya fi tsada, zuciya za ta riga harshe yanke hukunci.

Yadda ake ɗanɗanawa

Ka fara da busasshen ganye a tafin hannu. Ka duba ko girmansa ɗaya ne, ko kuwa an cuɗa shi da itatuwa da ƙura. Ka hura masa numfashi mai ɗumi, sannan ka sunsuna. Ɗumin yana tayar da ƙamshin da ke kwance.

Bayan ka tace ruwan, kada ka zubar da jiƙaƙƙen ganyen. Ka juye shi a kan farantin da ka rufe kofin da shi, ka kai hanci tun yana turiri. A nan ne ganye yake tona asirin kansa: warin hayaƙi, warin buhu, warin rumbu mai laima, duk a nan suke fitowa fili.

Sai launin ruwa. Abin dubawa shi ne haske da tsabta. Shayi mai kyau, ko ja ne ko ruwan ɗorawa, ana ganin gindin kofi ta cikinsa, kuma yana sheƙi a gefe. Duhu kaɗai ba alamar inganci ba ne.

Ka bari ya ɗan huce, domin harshen da ya ƙone ba ya jin komai. Ka ɗebo da cokali ka zuƙe shi da ƙarfi har ya yi ƙara, yadda zai fantsama ko'ina a baki tare da iska. Ka riƙe shi kaɗan, ka haɗiye, ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Yawancin abin da muke kira ɗanɗano ta wannan hanyar yake zuwa, shi ya sa mai mura ba ya jin daɗin abinci.

Ka koyi raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Ɗaci a harshe ake jin sa. Bauri kuwa shi ne bushewar nan da ke kama dasashi da gefen kunci. Shayi mai kyau yana iya zuwa da duka biyun, amma suna wucewa da wuri, su bar zaƙi-zaƙi a maƙogwaro, yawu ya tsattsafo. Marar kyau kuwa ɗacinsa yana zama daram, ya bar maƙaƙi. Ka ƙirga daƙiƙa nawa ɗanɗanon ya yi bayan ka haɗiye. Ka kurkure baki da ruwa, ka wuce kofi na gaba. Idan ka gama zagaye, ka sake komawa kansu bayan sun yi sanyi, domin aibin da zafi ya ɓoye sanyi yana fito da shi.

Ka rubuta abin da ka ji da kalmominka. Idan ƙamshin ya tuna maka da busasshen dabino, ko soyayyen gero, ko ɗanyar ciyawa, haka za ka rubuta. Ba dole sai ka ari sunan 'ya'yan itacen da ba ka taɓa ci ba.

Zama na farko: ƙasa da ƙasa

Ka fara da baƙin shayi huɗu. Na Asam yana fitowa daga kwarin kogin Barahmaputra, ƙasa mai zafi da ruwan sama mai yawa, inda itacen ke girma da sauri. Ruwansa ja ne mai duhu, yana cika baki, yana da garɗi, kuma shi ne ya fi ɗaukar madara. Na Kenya, daga tsaunukan Kerico da Nandi masu tsayin wajen mita 2,000, ana tsinkarsa duk shekara saboda ƙasar tana kan tsakiyar duniya. Yawancinsa inji ne ke niƙa shi ya dunƙule shi ƙanana-ƙanana, ana gwanjonsa a Mombasa, kuma shi ne ke cikin da yawa daga ƙunshin shayin da ake tsomawa a kofi. Yana sakin launi nan take, ja mai haske, da kaifi a harshe. Na Dajilin, daga gangaren duwatsun Himalaya, ruwansa fari-fari ne idan aka kwatanta, jikinsa ba nauyi, ƙarfinsa yana cikin ƙamshi, kuma madara tana kashe shi.

Na huɗu ka sa namu na gida: ganyen Highland da ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila, a ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba. Wanda ke Kamaru ya sa na Ndu. Ka ajiye shi kusa da na Kenya, domin dukansu na tudu mai sanyi ne, ka bar bakinka ya faɗi inda suka yi kama da inda suka rabu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka na waje ya fi, alhali ba mu taɓa jera su ba.

Darasin wannan zaman shi ne tasirin tudu da kwari. A wuri mai sanyi ganye yana girma a hankali, ƙamshi yana taruwa. A kwari mai zafi yana girma da sauri, ƙarfi da launi suna rinjaye.

Zama na biyu: ganye ɗaya, shekaru daban

Wannan ya fi kowanne sauƙi, kuma ya fi amfani ga aljihu. Ka ɗauki koren ganyen nan na Sin da ake dafawa a ƙaramar buta a kan gawayi a Agadas da Damagaram da Yamai da Kano, ko mai dunƙule mai lamba 3505, ko mai lanƙwasa mai lamba 41022. Ka sayi kwali biyu iri ɗaya, ɗaya sabon shigowa, ɗaya wanda ya daɗe a kanti, ka duba kwanan watan da ke jikinsu. Ka jiƙa su ba sukari, ba na'a-na'a.

Sabon zai ba ka ganye mai kore-kore da ɗan sheƙi, ruwa mai haske, da ƙamshi mai tashi. Tsohon ganyensa ya koma toka-toka ko ruwan ƙasa, ruwansa ya yi duhu ya dushe, ƙamshinsa ya koma na busasshiyar ciyawa ko na kwali, ɗaci kaɗai ya rage. Wanda ya yi wannan gwajin sau ɗaya ba zai ƙara sayen koren shayi bai juya kwalin ya duba kwanan wata ba.

Zama na uku: inda shekaru suke aiki

Pu'er iri biyu ne. Akwai ɗanye, wanda ake rubuta wa sheng, shi ne ake barin lokaci ya nunar da shi. Akwai nunanne, wanda ake rubuta wa shou. A 1973 ne masana'antar shayi ta birnin Kunmin a Yunan ta fito da dabarar yin sa: a tara ganye tuli, a yayyafa ruwa, a lulluɓe, a riƙa juyawa har wajen wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Kusan yadda ake rufe dafaffiyar kalwa ta yi zafi da kanta ta zama daddawa, haka ƙananan halittu suke nunar da ganyen a cikin tulin. Manufar ita ce a samu a makonni abin da ya yi kama da aikin shekaru.

Ka nemi guda uku: ɗanye na bana ko na bara, ɗanye mai shekara 10 ko fiye, da nunanne. Ba sai ka sayi fai-fai guda ba, masu sayarwa na ƙwarai suna ba da ɗan gutsure. Ka ɓamɓaro giram 5 daga gefe a hankali don kada ganyen ya farfashe. Ka zuba tafasasshen ruwa kamar mililita 100, ka zubar da shi nan take, wannan wanki ne. Daga nan ka riƙa jiƙawa daƙiƙa 15 zuwa 20, kana tacewa kana sha, kana ƙara lokaci kaɗan-kaɗan. Ganye mai kyau yana ba da ruwa sau takwas ko fiye, kuma kowane zubi da abin da yake zuwa da shi.

Sabon ɗanye ruwansa ruwan ɗorawa ne mai haske, yana da ɗaci da bauri masu ƙarfi, amma zaƙi yana biyo baya. Mai shekaru ruwansa ya koma ja-ja, baurin ya kwanta, ƙamshin ya koma na tsohon itace da busassun 'ya'yan itace, yana wucewa a maƙogwaro sumul. Nunanne kusan baƙi ne, ba ɗaci, yana ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Idan sabon fitowa ne yakan zo da ɗan ƙarni, wanda ke gushewa bayan shekara ɗaya ko biyu.

A ƙarshe ka baza jiƙaƙƙen ganyen a faranti ka ja shi da yatsa. Na tsohon ɗanye yana buɗewa, launinsa ruwan ƙasa, yana da taushi da danƙo. Na nunanne baƙi ne, yana saurin dagargajewa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta gane wanda aka sayar maka da sunan mai shekara ashirin alhali nunannen bara ne.

Wurin ajiya ma yana magana. Wanda ya zauna a Hon Kon ko Gwanzu, inda laima take da yawa, yana nuna da wuri, ya yi duhu. Wanda ya zauna a Kunmin mai busasshiyar iska yana tafiya a hankali, yana riƙe ƙamshinsa na asali. Shi ya sa fai-fai biyu na shekara ɗaya suke iya bambanta ƙwarai. Ka tambayi inda aka ajiye shi kamar yadda kake tambayar shekarunsa.

A kasuwa da a gida

Takarda ba ta da wuyar bugawa. Farashin Pu'er ya yi tashin gwauron zabi har ya faɗi warwas a 2007, kuma jabun takardu da jabun shekaru ba su bar kasuwar ba. Kada ka biya kuɗin shekaru sai ka sha. Mai sayarwar da ya ƙi dafa maka ka ɗanɗana, ka yi masa sallama ka wuce. Idan ka ga fumfuna a jikin fai-fai, ko ka ji warin ruɓa, ko ya shaƙe maka maƙogwaro, ka bar shi ko da kyauta ne.

Ganyen shayi yana zuƙar duk warin da ke kusa da shi. Kada ka ajiye shi tare da kayan yaji, ko sabulu, ko turare, ko kusa da kananzir. Kore da baƙi ka sa su a gwangwani mai rufi sosai, nesa da rana da zafin murhu, kuma ka sayi abin da za ka shanye cikin 'yan watanni. Pu'er kuwa yana son ɗan numfashi, don haka ka bar shi a takardarsa cikin kwali mai tsabta. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da komai, ka rufe shi a leda marar wari don kada ya bushe ƙamshinsa ya tafi. Da damina ka ɗaga shi daga ƙasa, ka nisanta shi da bango, ka riƙa dubawa.

Ka kuma tuna cewa shan kofi da yawa a zama ɗaya yana iya hana barci ko sa bugun zuciya, kuma sabon ɗanyen Pu'er yana damun cikin da ba komai. Shayi yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci, don haka mai juna biyu da mai ƙarancin jini su ba da tazara tsakanin shayi da cin abinci, su kuma rage yawa.

Ba sai ka jira ganyen Yunan ya zo hannunka ba. A wannan makon ka sayi ganye biyu a kantin unguwarku, ka kira mutum biyu ko uku, kowa ya rubuta abin da ya ji kafin a buɗe lambobin. Ka ajiye littafin, ka rubuta sunan ganye da farashinsa da ranar da aka sarrafa shi. Bayan wata shida ka sake gwada ragowar ganyen tare da sabo. Daga nan, duk wanda ya ce maka ka ƙara kuɗi saboda shekaru, ka ce ya ɗora ruwa a wuta tukuna.